Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ƙungiyar Likitocin Yara Ta Najeriya Kan Gwajin "Yis Ɗin Hanji" Da Ake Sayar Wa Iyayen Yara Masu Galahanga

Assalamu alaikum, ya ku likitoci masu girma.

Bayan gaisuwa irin ta girmamawa da fatan alheri gare ku da iyalanku, na zaɓi in rubuto muku a bainar jama'a ne domin maganar ta shafi gidaje da yawa waɗanda ba su da hanyar isa zauren taronku. Ni ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne, kuma kawu ne ga yaro mai lalurar galahanga, wadda kuke kira otizim. Saboda haka takardun sakamakon gwaji da iyaye ke tura wa juna ta waya sukan biyo ta hannuna, a ce in duba in yi bayani. Abin da nake gani a cikinsu shi ya sa nake roƙonku ku fito ku yi magana, da Hausa, da murya ɗaya, kuma ku gyara wani abu a ɗakunan duba marasa lafiya naku wanda shi ne yake tura iyaye hannun 'yan kasuwa.

Yadda abin ke gudana kusan iri ɗaya ne. Uwa za ta shiga wani zauren WhatsApp ko shafin Facebook na iyayen yara masu wannan lalura, a gaya mata cewa tushen matsalar ɗanta yana cikin hanjinsa. Za a ce wani nau'in yis mai suna kandida ya yi masa yawa, ya huhhuda bangon hanji, gubarsa tana malala cikin jini har ƙwaƙwalwa, shi ya sa yaron ba ya magana, ba ya haɗa ido, yake kaɗa hannu, yake dariya shi kaɗai da tsakar dare. Sai a ce ta tattara fitsari da bayan gida, wani lokaci har da gashin kai, a aika wani ɗakin gwaji mai zaman kansa a ƙasar waje, a kan kuɗin da kan kai ɗaruruwan daloli, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya tsaya a naira 70,000 tun 2024. Sakamakon zai dawo shafi-shafi da launuka, ja a nan, rawaya a can. Daga nan a ɗora yaro kan magungunan kashe yis, nistatin ko fulukonazol, na tsawon watanni, a hana shi alkama da madara da duk wani abu mai zaƙi, a jera masa kwalaben ƙarin sinadarai, kuma idan aljihun iyaye bai ƙare ba, a wuce zuwa matakin da suke kira wanke ƙarafa daga jiki.

Wannan tunani ba a nan aka haife shi ba, kuma yana da kyau iyaye su san tarihinsa. A Amurka, wajen ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1980, wasu likitoci biyu, Orian Truss da William Crook, suka yaɗa ra'ayin cewa kandida ce ke haddasa gajiya da ciwon kai da mantuwa da ɓacin rai a jikin mutanen da in ban da haka lafiyarsu ƙalau. A 1986 ƙungiyar ƙwararrun likitocin borin jini da garkuwar jiki ta Amurka ta duba maganar ta ce zato ne wanda ba a tabbatar ba. A 1990 aka buga sakamakon gwaji a mujallar New England Journal of Medicine, inda aka bai wa mata 42 nistatin a wasu lokuta, a wasu kuma ƙwaya marar magani, ba tare da sun san wacce suke sha ba, kuma ba a ga cewa nistatin ya fi ƙwayar banza rage gajiya ko damuwa ba. Maimakon maganar ta mutu a nan, sai ta canja masauki. A 1995 Bernard Rimland, masanin halayyar ɗan Adam wanda shi ma uba ne ga yaro mai galahanga, ya jagoranci kafa wani gungu mai suna Defeat Autism Now, wanda ya tattara yis da ƙarafa da hana abinci ya mayar da su tsari guda. Adalci ne a ambaci cewa Rimland ɗin nan shi ne ya yaƙi tsohuwar ƙaryar da ke cewa rashin ƙaunar uwa ga ɗanta ne ke jawo lalurar, kuma ya cancanci godiyar iyaye mata na duniya a kan haka. Amma kyakkyawar niyya ba ta mayar da zato ya zama hujja. Cibiyar da ta kafa gungun ta rufe shi a 2011, sai dai kayan da ya bari suna ci gaba da yawo a intanet, har suka iso wayoyin matan Kano da Kaduna da Maraɗi.

Ku ba ni dama in daɗe kaɗan a kan gwaje-gwajen, tunda nan ne fagena.

Gwajin fitsari na sinadaran asid gwaji ne na gaske, kuma kun san amfaninsa wajen gano cututtukan gado na sarrafa abinci a jikin jarirai. Abin da ba shi da tushe shi ne karanta shi a matsayin ma'aunin yis a hanji. Masu sayarwa sukan nuna sinadarin arabinos da asid ɗin tatarik su ce ga shaidar kandida. Asalin wannan da'awa wani rahoto ne na 1995 a kan yara biyu 'yan gida ɗaya. To, arabinos sukari ne da ke cikin tsirrai, yana cikin 'ya'yan itatuwa, yana cikin ƙaro. Asid ɗin tatarik kuwa shi ne ke ba tsamiya tsaminta, kuma wani kaso nasa yana fita ta fitsari bayan an ci. Yaron da ya karya kumallo da kunun tsamiya na iya fitar da shi ba tare da wata ƙwayar cuta ta taɓa shi ba. Sinadarin da masu bincike suka nazarta a kan kandidar da ta shiga jini sunansa arabinitol, wani abu ne daban, kuma masu irin wannan ciwo suna kwance ne a asibiti rai a hannun Allah, ba yara ba ne masu wasa a tsakar gida.

Akwai kuma lissafin da iyaye ba su sani ba, wanda kowane ɗalibin aikin gwaji ya sani. Iyakar da ake kira daidai a yawancin gwaje-gwaje an tsara ta ne ta ƙunshi kashi 95 cikin 100 na lafiyayyun mutane, wato mutum 5 cikin 100 za su faɗo waje alhali babu abin da ke damunsu. Idan aka auna abu 20 a jikin yaro lafiyayye, yiwuwar aƙalla ɗaya ya fito da jan layi ta kai kusan kashi 64. Idan aka auna abu 70, kamar yadda waɗannan takardu ke yi, ta haura kashi 95. Ma'ana, da wuya a aika fitsarin kowane yaro, ko ɗan likita ne da ke zuwa na ɗaya a aji, takarda ta dawo fara tas. Uwa kuwa idan ta ga ja, ta ga amsar tambayar da ta shekara tana yi.

Gwajin bayan gida shi ma haka. Kandida tana zaune a baki da hanjin mutane da yawa masu cikakkiyar lafiya, don haka ganinta a bayan gida ba ciwo ba ne. Idan samfurin ya kwana a hanya cikin zafinmu kafin ya isa inda za a auna shi, yis ɗin na iya ƙaruwa a cikin robar, ba a cikin yaron ba. Gwajin gashi kuwa an sha jarraba shi. A 2001 mujallar ƙungiyar likitocin Amurka ta buga binciken da aka raba gashin mutum ɗaya aka aika ɗakunan gwaji 6, sakamakon ya dawo yana karo da juna, har shawarwarin da suka bayar suka saɓa. Gwajin jini da ke auna sinadarin garkuwa na IgG a kan abinci iri-iri, wanda da shi ake ce wa uwa ɗanta ba ya jituwa da ƙwai da gyaɗa da alkama, ƙungiyar ƙwararrun borin jini ta Turai ta bayyana tun 2008 cewa abin da yake nunawa shi ne jiki ya saba da abincin, ba wai abincin yana cutar da shi ba. Mafi muni shi ne gwajin da ake fara ba yaro maganin janye ƙarafa daga jiki sannan a auna fitsarinsa, a kwatanta da ma'aunin mutanen da ba su sha komai ba. Kowa aka yi wa haka ƙarfe zai fito da yawa. Kwalejin likitocin guba ta Amurka ta yi tir da wannan hanya a 2009.

Wani abu da ke ɗaure mini kai shi ne yadda aka gina maganar ta yadda ba za ta taɓa faɗuwa ba. Idan yaro ya sha magani ya ɗan natsu, a ce magani ya ci. Idan ya rikice, ya yi zawo, ya ƙi barci, ya yi ta ihu, a ce alamar nasara ce, yis ne ke mutuwa yana zubar da gubarsa, a ƙara haƙuri a ci gaba. Idan babu abin da ya canja, a ce yis ɗin ya ɓuya a bayan wani rufi, sai an sayi wata kwalbar da za ta fasa rufin. Ta haka ne illar magani, wadda ya kamata ta sa a dakata a garzaya asibiti, ta zama dalilin ƙara sha. Yara kuwa suna girma, suna koyon sabbin abubuwa, suna da makonni masu kyau da marasa kyau, ko an ba su magani ko ba a ba su ba, kuma iyayen da suka sayar da fili don biyan kuɗi idonsu zai fi ganin makon da ya yi kyau.

Illar ba ta tsaya a aljihu ba. Nistatin ba ya shiga jini sosai, amma yana jawo tashin zuciya da gudawa. Fulukonazol yana iya taɓa hanta da bugun zuciya, kuma yana ɗaga yawan wasu magungunan farfaɗiya a jini, irin su fenitoyin da kabamazafin, alhali kun fi ni sanin cewa farfaɗiya ta fi yawa a tsakanin yara masu galahanga. Ketokonazol na sha, shi ma maganin yis, wanda har yanzu sunansa ke fitowa a tsofaffin jadawalan da ake turawa, hukumomin magunguna na Amurka da Turai sun ɗauki mataki a kansa a 2013 saboda lalata hanta. A wurinmu da mutum zai shiga kemis ya sayi irin waɗannan ba tare da takardar likita ba, babu mai auna hantar yaro kafin ko bayan. Sannan ga matsalar bijirewar ƙwayoyin cuta, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa kandida cikin jerin ƙwayoyin da ta fi damuwa da su a 2022, kuma maganin da aka ɓarnatar a kan yaron da ba ya buƙata shi ne za a nema gobe don jaririn da aka haifa bakwaini.

Hana abinci ma ba ƙaramin abu ba ne a gare mu. Yaro mai galahanga sau da yawa abinci uku ko huɗu kawai yake yarda ya ci. Idan aka cire masa burodi da taliya da madara da fura da nono, me ya rage? Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa abin ya haura rabi. Tsarin abincin da aka zana a ƙasar da kantuna ke cike da madadin komai ba zai sauka a kan irin waɗannan yara ba tare da ɓarna ba. Ga shi kuma da aka jarraba hana alkama da madara cikin tsanaki a jami'ar Rochester, aka buga a 2016, ba a ga canji a hali ko barci ko bayan gida ba. Binciken ƙarami ne, amma hukumar tsara ƙa'idojin jinya ta Ingila tun 2013 ta ce kada a yi amfani da hana abinci don magance ainihin alamomin lalurar, kuma kada a yi amfani da wanke ƙarafa ko ɗakin iskar oksijin mai matsi ko allurar sikiritin, wani sinadarin da hanji ke fitarwa, ko kaɗan.

Maganar wanke ƙarafa tana buƙatar kulawa ta musamman a Arewa, domin mu mun san gubar ƙarfe ta gaskiya. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinare ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, kuma maganin janye ƙarafa ne likitoci suka yi amfani da shi suka ceci dubbai, bayan sun auna jini sun tabbatar. Yaro mai galahanga da ke cin ƙasa ko ɓawon fenti, ko wanda ake yawan sa wa kwalli, ya cancanci a auna dalma a jininsa, gwajin da ke da ma'auni sananne. Amma ba da irin wannan magani ga yaron da ba shi da guba wasa ne da rai. A 2005 wani yaro ɗan shekara 5 da aka kai jihar Pennsylvania daga Ingila don a wanke masa ƙarafa ya rasu, domin maganin da aka ɗura masa ya janye kalsiyam daga jininsa zuciyarsa ta tsaya. A ƙarshen wannan hanya kuma akwai masu ba yara ruwan bilic su sha ko a yi musu ɗura da shi, abin da hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kansa a 2010 ta sake a 2019.

Duk da haka, ya ku likitoci, ban rubuto don in zargi iyaye ba. Hausawa sun ce wanda ya faɗa rijiya ko kaifin takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Kuma akwai gaskiya guda a bakin masu sayarwa wadda ita ce ƙugiyarsu: cikin yaran nan yana ciwo. Wani nazari da ya tattara bincike da dama, aka buga a mujallar Pediatrics a 2014, ya nuna matsalolin ciki sun ninka kusan sau huɗu a tsakanin yara masu galahanga idan aka kwatanta da sauran yara, musamman taurin bayan gida da gudawa da ciwon ciki. Yaron da ba ya magana ba zai ce cikina ba. Zai buga kansa da bango, ya ciji hannunsa, ya danna cikinsa a gefen kujera, ya farka ƙarfe biyu na dare yana kuka. Uwa ta ga wannan, ta bi layi tun asuba, ta shiga ta yi bayani, a ce mata ai halin masu lalurar ne, a rubuta maganin sa barci, a kira na gaba. A gida kuma dangin miji suna cewa aljanu ne, ko laifinta ne. Mutum na farko da ya zauna ya saurare ta na awa guda, ya tambaye ta kalar bayan gidan ɗanta da abin da yake ci, shi ne mai sayar da gwajin. Ba abin mamaki ba ne ta gaskata shi.

Tun 2010 taron ƙwararru da likitan cikin yara Timothy Buie ya jagoranta ya fitar da matsaya cewa yaro mai galahanga ya cancanci a binciki cikinsa kamar kowane yaro, kuma sauyin hali na iya zama alama ɗaya tilo ta ciwon da ke ɓoye. Wannan ba ya buƙatar dala ko ɗaya. Tambaya ce a kan sau nawa yake bayan gida, da taɓa ciki da hannu, da duba haƙori da kunne, da tunanin tsutsar ciki da ƙwannafi da ƙarancin jini, da auna ji kafin a yanke cewa rashin magana daga lalurar ne kaɗai. Idan akwai kandida ta gaske, farin dabbare a harshe ko kurji a matsematsi, a ba da magani na kwanakin da aka sani a daina. Game da ƙwayoyin hanji kuwa, bincike na ci gaba kuma ba na raina shi, sai dai wani babban nazari da aka yi a Ostareliya a kan yara 247, aka buga a 2021, ya nuna cewa bambancin da ake gani ya fi kama da sakamakon ƙarancin nau'in abincin da yaran ke ci, ba sanadin lalurar ba. Binciken da ya bi mutane kusan miliyan 2 a ƙasashe 5, na 2019, ya kiyasta cewa kusan kashi 80 na haɗarin samun lalurar gado ne. Faɗa wa uwa wannan a fili yana sauke mata nauyin zargin cewa wani abu da ta ciyar ko ta sha ne ya jawo.

Abin da nake roƙo shi ne ƙungiyarku ta fitar da matsaya gajera a kan waɗannan gwaje-gwaje da magunguna, kada ta tsaya a Turanci a shafin intanet. A fassara ta da Hausa mai sauƙi, a karanta a gidajen rediyo, a mayar da ita saƙon murya da za a iya turawa cikin zaurukan da jita-jitar ke yawo, domin yawancin matan da nake magana a kansu sauraro suke yi, ba karatu ba. Ku tuntuɓi hukumar NAFDAC a kan kwalaben da ake tallatawa da sunan maganin galahanga, da majalisar kula da ɗakunan gwaje-gwaje a kan masu karɓar samfuri su aika waje ba tare da likitan da zai ɗauki alhakin fassara ba. Idan kuma a cikin masu lasisi akwai wanda ke rubuta fulukonazol na wata shida a kan takardar fitsari, ku kuka fi kowa sanin inda ake kai irin wannan ƙara. Ina kuma tunatar da ku cewa wannan kasuwa tana tafe da ƙanwarta, wato tsoron cewa rigakafi na jawo galahanga, wanda ya samo asali daga rahoton likita Andrew Wakefield na 1998 da mujallar Lancet ta janye a 2010, shekarar da aka soke lasisinsa. Yankin da ya ga abin da ƙaurace wa rigakafin shan inna ya jawo a 2003 bai kamata a bar wannan ƙofa a buɗe a cikinsa ba.

Sai dai hani kaɗai ba zai wadatar ba idan babu abin da za a miƙa a madadinsa. Masu koyar da magana da masu horar da yara kan ayyukan yau da kullum kaɗan ne, kuma yawancinsu suna manyan birane. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da shirin horar da iyaye da masu reno, wanda aka tsara shi don ma'aikatan lafiya da ba ƙwararru ba su koyar a unguwa, a kan yadda za a yi amfani da wasa da aikin gida wajen koya wa yaro sadarwa. Ina roƙon ku matsa wa ma'aikatun lafiya na jihohi su ɗauke shi su sa a asibitocin sha-ka-tafi. Kafin nan, ina roƙon kowane ɗayanku, idan uwa ta shigo da yaro mai galahanga, ya tambaye ta cikin sakin fuska abin da take ba shi a gida da wanda ya rubuta mata, ya karɓi takardar nan mai launuka ya duba tare da ita layi-layi, sannan ya ba ta ranar dawowa.

Wassalam.

Naku cikin girmamawa,
Ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje, kuma kawun yaro mai galahanga.